Ranar da Inna Ta Sayar da Shaida

Duk zuwan da suka yi duba gidan kafin a saye shi, babu wanda ya damu da famfo. Sista ta auna tagogi saboda labule. Ƙanwarta Auta ta zaɓi ɗakin da za ta riƙa sauka idan ta zo. Mahaifiyarsu, Inna, ta tsaya a tsakar gida tana nuna inda za a ɗaura igiyar shanya. Sista ta taɓa murɗa kan famfon kicin, ya yi tari ya yi shiru, ita kuma ta wuce abinta. A gidan hayar da ta daɗe a ciki haka famfo yake, ado ne kawai, ka murɗa shi ya yi maka huci. Ko kaɗan ba ta kawo a ranta cewa wani ne ya rufe ruwan daga waje da gangan ba.

Mai gidan, wanda kowa ke kira Mai Burodi saboda gidajen burodin da yake da su, har ƙirji ya buga.

"Sista, bututun gidan nan kaf sabo ne," ya ce, yana nuna wani farin bututun roba da ya leƙo daga bangon bandaki. "Ni na sa aka canza. Ke dai ki shigo ki huta."

Ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, shi ya sa kowa ke ce mata Sista, har Inna da ta haife ta. Tun rasuwar mijinta take tara kuɗi, tana ƙuntata wa kanta, don ita da 'yan matanta biyu su samu ƙofar da babu mai ƙwanƙwasa ta a ƙarshen wata. Duk abin da ta tara ta zuba a gidan nan, ta sa hannu a takarda cike da murna.

Ranar da suka tare ta samu makunnin ruwan a bayan katanga, ta buɗe. Famfon kicin ya yi tari kamar yadda ya saba, sai kuma ruwa ya ɓarke da ƙarfi har ya fantsar mata a fuska. Ta ƙwala ihu. 'Yan matan suka rugo, Inna ta biyo su tana gyara ɗankwali, suka tsaya su huɗu suna kallon ruwa yana zuba kamar ba su taɓa ganin ruwa ba. Sista ta cika duk wani bokiti da ke gidan, ba don tana bukata ba, sai don hannunta ya saba.

Murnar ba ta yi nisa ba. Tayil ɗin falo ya fara sanyi a tafin ƙafa ko da rana tsaka. Daga nan kafet ya soma wani wari irin na tsumman da aka manta a bokiti. Fentin gindin bango ya kumbura ya yi ƙuraje, ƙofar ɗakin Inna ta ƙi rufuwa. Wata safiya Sista ta fito da shirin aiki, ta taka tsakiyar falo, sai ruwa ya tsarto ta tsakanin tayil ya jiƙa mata farin takalmi.

Mai gyaran famfon da ta kira ya ɗora kunnensa a ƙasa kamar likita, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, sannan ya ɗauko guduma. Da ya fasa, sai ga laka, ƙarƙashin lakar kuma ga tsohon bututun ƙarfe da tsatsa ta cinye. A daidai inda ya fashe an naɗe shi da baƙar robar taya, an ɗaure tam, har ya yi tulu kamar ƙafar da aka yi wa ɗori.

"Sabon na waje ne kawai, Sista," Mai Famfo ya ce yana share hannu. "Inda ido zai gani roba ne, ƙarƙashin ƙasa duk wannan ne. Idan na gyara nan, gobe kicin zai fashe. Sai an tone gidan gaba ɗaya."

Ya faɗi abin da aikin zai ci. Sista ta nemi hannun kujera ta zauna. Ba ta da kuɗin, ba ta kuma da inda za ta samo. Abin da ya rage shi ne ta rufe ruwa, ta kwashe yara da Inna su koma haya, ta bar gidan yana ruɓewa.

Ta kira Mai Burodi. Ya saurare ta har ƙarshe, ya yi mata jaje kamar an yi rasuwa, sannan ya ce ta duba takarda, an rubuta an sayar da gida yadda yake.

Auta ce kaɗai labarin ya sa wa ƙaimi. Ba ta daɗe da zama lauya ba, kuma a ofishinsu har yanzu aikinta ɗaukar wa manya fayil ne. Ta iso gidan da baƙar rigarta, ta tsallake kafet ɗin da aka naɗe, ta durƙusa a bakin ramin idanunta na ƙyalli.

"Yaya! Kin san me nake gani?"

"Asarata kike gani."

"Shaida nake gani! Wallahi shaida!" Ta nuna ɗaurin robar. "Bututu ba ya ɗaure kansa. Wani ya tone nan, ya ga ɓarnar, ya naɗe ta, ya shimfiɗa sabon tayil a kai. Wannan 'yadda yake' da yake taƙama da shi yana kare mutum ne daga abin da bai sani ba. Wanda ya sani ya rufe, har ya ce miki sabo ne, wannan yaudara ce."

"To idan ya ce ba shi ya ɗaure ba fa? Ai shi ma saya ya yi a hannun wani."

Auta ta gyaɗa kai. "Nan ne aikin yake. Amma mu fara da abin da ke hannunmu."

Ta ɗauki hotuna ta kowace kusurwa. Ta sa Mai Famfo ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Ta sa ya yanko guntun bututun da ɗaurinsa, aka shimfiɗa buhu a kusurwar falo aka kwantar da shi kamar jariri. Sannan ta miƙe ta tara mutanen gidan.

"Daga yau babu mai taɓa wannan. Ba a wankewa, ba a gogewa, ba a matsarwa. Ramin nan ma a bar shi a buɗe. Inna, da ke nake."

"Ni na haife ki kike nuna ni da yatsa?" Inna ta ce. "To na ji, Barista. Ƙazanta ta zama sarauniya, mu kuma bayinta."

Auta ta rubuta wa Mai Burodi wasiƙa mai zafi, ta ce ko ya gyara ko su haɗu a kotu. Lauyansa ya amsa cewa a zauna a yi magana tukuna, aka sa rana, da la'asar, a ofishinsa.

Kwanakin jiran nan Inna ce ta fi kowa shan wahala. Mace ce da ba ta iya ganin cokali a karkace ta wuce. Sista takan kama ta tsaye da tsintsiya a bakin falo tana hararar bututun, bakinta na motsi. Ta daure dai, har ranar zaman ta zo.

Da safen ranar Sista ta tafi aiki, da niyyar ta dawo da azahar ta ɗauki bututun. Ba ta san cewa bayan fitarta Gwaggo ta bugo waya ba. Gwaggo yayar mahaifinsu ce, kuma tun Inna tana amarya take duba mata bayan tukunya. Ta ce ga ta nan tafe da surukanta, za su ga sabon gida.

Sista ta turo ƙofa da azahar, ƙamshin turare ya tare ta. Falon yana ɗaukar ido. An cike ramin da yashi, an daddale, an shimfiɗa darduma mai furanni a kai. Gwaggo ce zaune a kan dardumar ta miƙe ƙafa, surukanta biyu a gefe suna shan lemo. Kusurwar da buhun yake babu komai sai tukunyar fure.

"Ga mai gida, ga mai gida!" Gwaggo ta ce. "Kai, 'yar nan, kin yi ƙoƙari. Sai dai falon naku da ɗan sanyi."

Sista ta durƙusa ta gaishe ta, ba ta ma san me bakinta ke faɗa ba. Ta ja Inna kicin ta rufe ƙofa.

"Inna, ina bututun?"

"Wane?"

"Inna!"

"To ki rage murya mana, da baƙi." Inna ta kawar da kai tana goge abin da ya riga ya bushe. "Kina so Gwaggonku ta zo ta tarar da wannan abin a falo? Ta kai ni gaba a dangi har in mutu? Ai kun ɗauki hotonsa. Ɗan gwangwan ne, mai sayen tsohon ƙarfe, ya zo wucewa, na ba shi." Ta ɗago wata sabuwar koriyar robar wanki. "Ba kyauta ba ma. Dubi, mai kauri ce."

Sista ta dubi robar. Ta ji dariya da kuka sun taho mata tare. Ta ciro waya.

Auta ta iso da tsohuwar motarta kafin Sista ta gama sauya takalmi. Ba ta ko shiga gaida Gwaggo ba, ta leƙo ta tagar kicin.

"Inna, yaya kamanninsa?"

"Yaro ne mai ladabi. Har ƙasa ya gaishe ni."

"Inna, ladabi ba kamanni ba ne! Dogo ne? Gajere?"

"Yana da giɓi. Kuma kurarsa tana ƙara."

"Duk kurar duniya tana ƙara!"

"To ni na ce ki zama lauya?"

Suka faɗa mota. Auta na tuƙi tana magana ba numfashi. Hoto yana da amfani, ta ce, amma lauyan can tsohon hannu ne, zai ce laka kawai yake gani. Abin da za a ajiye a gabansa ya taɓa da hannu shi ne ƙarfinsu. Idan bututun ya shiga cikin tulin ƙarafa aka loda a babbar mota, shi ke nan.

A bakin layi suka tsaya, hanya ta rabu biyu. Auta ta buga sitiyari. Sista kuwa tana kallon hanya, irin kallon da take yi wa ɗakin marasa lafiya idan ta shiga da safe. Can hannun dama wata mata tana zubar da ruwan wanki a ƙofar gida, kuma robar da ke hannunta koriya ce, sabuwa fil, takardar kamfani ma ba a ɓare ba.

"Dama," ta ce. "Bi robar."

"Wace roba?"

"Irin ta Inna! Duk inda ya bi ya bar su!"

Auta ta ƙyalƙyale da dariya ta karya kan mota. Gaba kaɗan sai ga wata koriyar a kan dakali cike da albasa. Bayan kwana, wata tsohuwa ta kife tata a kai saboda rana. Sista ta fito da kai ta taga tana nunawa. "Ga wata! Ga wata can!" Mutane suna juyowa suna kallon mace da fararen kayan asibiti tana ihu a kan robar wanki. A wani lungu suka rasa sawu, suka yi baya, suka tambayi wani mai faci, ya nuna musu da sifana. Ya ce duk masu kurar nan wuri guda suke kai kaya, bayan gidan mai, kuma su yi sauri don da rana ake lodi.

Wurin fili ne da aka kewaye da tsohon kwano. Tulin ƙarafa ya fi katangar tsawo: ƙafafun gadaje, murfin injin, kekunan yara, fankar da ba ta da fiffike. Warin ƙonannen waya ya cika ko'ina. Wata babbar mota ta juyo da baya, majiya ƙarfi suna jefa kaya ciki. Masu kura sun yi layi a gaban sikeli.

"Mai giɓi!" Auta ta ɗaga murya. "Wa ke da giɓi a nan?"

Aka bushe da dariya. Mutum uku suka washe baki, duk da giɓinsu.

Sista ba ta tsaya kallon haƙora ba. Ta bi layin tana leƙa kura ɗaya bayan ɗaya. A can ƙarshe wani saurayi ya tsuguna a inuwa, ya ɗora wani abu a gwiwa yana yanka da wuƙa. Baƙar roba ce ke zubowa a gabansa.

"Tsaya!" ta ce. Muryar da ta fito ba ta san tana da ita ba. "Don girman Allah tsaya!"

Saurayin ya saki wuƙar ya ɗaga hannu biyu. "Hajiya, wallahi ba sata na yi ba. Wata tsohuwa ce ta ba ni, na ba ta roba."

"Mun sani, uwarmu ce," Auta ta ce tana haki, ta riga ta kunna bidiyo a waya. "Me ya sa kake yankewa?"

"Mai sikeli ba ya auna shara. Sai na cire masa rigar."

Ya riga ya yanke robar ta sama. Auta ta dafe kai, ta ce an lalata ɗaurin. Amma Sista ta durƙusa. A ƙarƙashin baƙar robar akwai wani abu rawaya, an naɗa shi zagaye bayan zagaye, kuma laka ba ta kai gare shi ba.

"Auta, matso da wayar. Kai kuma ɗan'uwa, warware a hankali. Kamar kana cire bandeji."

Ya kama bakin ya ja. Leda ce. Ta fara warwaruwa, sai ga hoton burodi, sai ga sunan gidan burodin da manyan baƙaƙe, sai lambar waya. Ya ci gaba da ja, ledar ba ta ƙare ba. Wata na manne da wata, wata na manne da wata, doguwa kamar rawani, har sai da ya miƙe tsaye ya ja da baya.

Auta ta manta tana ɗaukar bidiyo. Ta yi tsalle, ta rungume Sista, ta sake ta, ta kusa rungume ɗan gwangwan, ta tuna, ta dawo da wayar kan ledar.

"Yaya, kin gani? Kin gani?"

"Na ga har abin da ba ki gani ba," Sista ta ce. Ta sa yatsa a ƙasan rubutun. "Adireshin sabon reshensu ne wannan, wanda ke kallon asibitinmu. Ina wurin aka buɗe shi. Bai fi 'yan watanni kafin in sayi gidan ba."

Masu kura sun bar layi sun kewaye su. Mai sikeli da kansa ya taso yana tambaya ko zinariya aka samu. Auta ta sa ɗan gwangwan ya faɗi a bidiyo inda ya karɓi bututun da yadda ya same shi, ta karɓi lambarsa. Ya amince da komai, sharaɗinsa ɗaya.

"A dawo mini da robata."

"Wannan kuma sai ka je ka ƙwace a hannun Inna," Sista ta ce. "Ni ba zan iya ba." Ta sallame shi da abin da ya sa ya washe giɓinsa. Suka mayar da ledar jikin bututun, suka ƙunshe shi a jarida.

Motar Auta ta ƙi tashi. Masu kura suka taru suka tura ta suna waƙa har titi, ta yi tari ta kama, Auta ta fito da hannu tana ɗaga musu kamar wadda ta ci zaɓe.

Sun makara kaɗan. Ofishin lauyan yana hawa na sama, da sanyin na'ura da dogon tebur mai sheƙi. Mai Burodi na zaune cikin babbar riga yana danna waya. Lauyansa dattijo ne mai furfura, mai magana a hankali. Ya dubi takalman Sista da suka yi baƙi, ya dubi ƙunshin jaridar da ta rungume.

Shi ya fara. Ya karanta sharaɗin takardar sayen. Ya ce tsohon gida ba ya rasa ciwo, kuma mai saye ta zagaya gidan da idonta ba sau ɗaya ba. Ya ce ya ga hotunan, ya ga rahoton mai gyara, ya kuma yarda wani ya taɓa ɗaure bututu. Amma wa? Gidan ya bi hannu da yawa.

Auta ta buɗe baki, muryarta ta maƙale. Ta sha ruwa. Sista ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, a hankali.

"Ranka ya daɗe," Auta ta ce, "tambayarka daidai ce. Mu ma ita muka yi ta yi wa kanmu har yau da rana."

Ta buɗe jaridar. Tsatsa ta zubo a kan teburin mai sheƙi. Ta kama bakin ledar ta miƙa wa Sista, ita kuma ta riƙe bututun, Sista ta tashi ta yi ta ja da baya har ta kai bakin ƙofa. Rawayar leda ta miƙe a tsawon ofishin, hoton burodi bayan hoton burodi.

Mai Burodi ya ajiye wayarsa. Ya yi wata 'yar dariya.

"To sai me? Rabin garin nan burodina suke ci. Kowa yana da ledata a gida."

"Kowa yana da guda guda, Alhaji," Auta ta ce. Yanzu muryar ta zauna. "Wadda aka yaga, aka sa burodi, aka ƙulle bakinta. Waɗannan ba a raba su ba. Ba a taɓa buɗe bakin ko ɗaya ba. Daga naɗin da ake kawo muku suka fito. Wa ke da naɗin leda sukutum in ba mai gidan burodi ba? Kuma ga adireshin sabon reshenka a jiki, wanda babu shi sai bana. A lokacin kai ne a gidan."

Dattijon ya sa tabarau, ya jawo ledar, ya murza bakinta da yatsa biyu. A manne take. Ya kalli bidiyon daga farko har ƙarshe, har da tsallen Auta, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

Mai Burodi kuwa fuskarsa ta haɗe. Ya dubi ledar kamar ita ta ci amanarsa.

"Kai, yaran nan ba sa jin magana," ya ce. "Sai da na ce musu su sa tsumma."

Lauyan ya rufe ido, ya cire tabarau, ya ajiye a hankali.

"Alhaji," ya ce, "zo mu ɗan leƙa waje."

Da ƙofa ta rufe, Auta ta cusa bakin mayafinta a baki don kada ihun ya fito. Kafaɗunta na girgiza. Sista ta naɗe ledar a hankali.

Sun daɗe kafin su dawo. Mai Burodi ya zauna yana share wuya da hankici. Lauyan ya ce, don zaman lafiya, kuma ba tare da an je kotu ba, Alhaji ya yarda a canza bututun gidan gaba ɗaya, a mayar da tayil, a gyara bango da ƙofar da ta kumbura.

"Gobe zan turo yarana," Mai Burodi ya ce. "Kafin sati sun gama. Ai mun zama 'yan'uwa, Sista."

Auta ta ɗauki biro, murna ta hana ta jin komai. Sista kuwa ba mai son jayayya ba ce. A wurin aiki ma idan aka ɗora mata aikin wani, shiru take yi ta yi. Ta ji kalmar "to" ta taho bakinta kamar kullum. Ta haɗiye ta.

"A'a," ta ce.

Duk suka juyo.

"Yaranka sun yi nasu aikin, ga shi a kan tebur. Mai gyarana ne zai yi. Shi zai sayo kaya, kai ka biya kafin a fara. Kuma ba za a rufe rami ko ɗaya ba sai na gani da idona."

"Haba Sista, rashin yarda har ya kai haka?"

"Ya kai, Alhaji."

Mai Burodi ya dubi lauyansa yana neman ceto. Dattijon ya riga ya fara rubutawa. Ya karanta musu sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, Auta ta sa aka ƙara ranar farawa da abin da zai biyo baya idan aka saɓa. Mai Burodi ya sa hannu da ƙarfi har biron ya kusa huda takardar. Sista ta sa nata. Da za su fita, dattijon ya tambayi Auta a wane ofishi take aiki, ya jinjina kai, sannan ya roƙe su da su tafi da bututunsu.

A kan matakala Auta ta tsaya. Ta zauna daɓas, takardar a ƙirjinta.

"Yaya, na yi magana kuwa? Me na ce? Wallahi ban tuna komai ba."

Sista ta zauna kusa da ita, ta kama wuyan hannunta ta danna da yatsu biyu.

"Bugun ya yi yawa, Barista. Ja numfashi."

"Tsumma!" Auta ta ce, sai dariyar da ta danne ta ɓalle. "Ya ce su sa tsumma!"

Suka yi ta dariya a kan matakalar har wani ma'aikaci ya leƙo daga sama. Sista ta share hawaye da bayan hannu, ta ciro waya ta kira Mai Famfo. Yana ɗauka ba ta ko bari ya gama sallama ba.

"Ka nemo ma'aikata da diga," ta ce. "Ka faro daga kicin. Ba inda za mu koma, muna ciki za a yi aikin."